Jinyar Tsofaffin Iyaye: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka



Laccar wannan wata a kan kula da iyaye ce idan tsufa ya kama su. Kowa ya san haƙƙi ne a wuyan 'ya'ya. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah ya umarci a kyautata wa iyaye, ya kuma hana a nuna musu ƙosawa. Ba a musu a kan wannan. Tambayar ita ce: wa ke yin aikin a cikin gida?

A da, gandu ne ke riƙe tsoho. 'Ya'ya maza su yi noma a gonar uba da safe, da yamma kowa ya tafi gayaunarsa. Rumbu ɗaya ne, tukunya ɗaya. Idan uba ya gaza, ga hatsi, ga masu hidima.

Amma a ƙasashen Dawakin Tofa, Bichi, Ɗambatta da Minjibir, jama'a sun yi yawa, gona na manne da gona. Duk rabon gado sai gona ta ƙara tsukewa. Tun a 1971 da 1972 wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta yi bincike a Ɗorayi, kusa da birnin Kano, ta ga yadda ƙasar noma ta yi wa mutane kaɗan. Shi ya sa samari ke tafiya cin rani Kano, Abuja ko Legas. Wasu ma ba sa dawowa sai da salla.

Ga misali. Dattijo yana da 'ya'ya biyar. Hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Maza biyu suna Legas, mata biyu suna gidan aure a wasu ƙauyuka. Ɗa ɗaya ne a gida, shi ma yana gona ko kasuwa. To, wa ya rage? Matar ɗan. Ita ce da girki, ita ce da wankin shimfiɗa, ga goyo, ga daka. Dare ya yi ba barci. Sana'arta ta ƙuli-ƙuli ta tsaya. Wata rana gajiya ta sa ta ɗaga murya, sai dangi su ce ba ta da tarbiyya. Daga nan sai yaji, wani lokaci har saki. Tsoho kuma ya rasa mai ba shi ruwa.

Wannan mata ba muguwa ba ce. Kayan mutum biyar aka ɗora mata.

Mafita ita ce a mai da jinya kamar aikin gandu. A zauna tun da wuri, maza da mata, a raba aiki.

Na farko, kuɗi. Wanda ke cin rani ya yanke abin da zai aiko duk wata, ko kaɗan ne. Wanda ya iya rubutu ya buɗe littafi, ya rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe. Rubutu yana kashe zargi.

Na biyu, kwana. A yi karɓa-karɓa. 'Ya mace ta nemi izinin mijinta ta zo ta yi kwana biyu. Jikoki su ɗebo ruwa, su zauna hira da kaka. Mai jinya ta samu rana ɗaya a mako ta huta, ta je ganin gida.

Na uku, kunya. Suruka ba za ta iya yi wa uban mijinta wanka ba. Wannan aikin 'ya'yansa maza ne. Uwa kuma 'ya'yanta mata su kula da tsaftarta. Namiji bai faɗi ba don ya wanke wa ubansa jiki.

Akwai kuma abubuwan da kowane mai jinya ya kamata ya sani.

Wanda ba ya iya tashi, a riƙa juya shi duk bayan awa 2. In ba haka ba, gyambo zai fito masa a ƙugu da baya. A bar shimfiɗa a bushe.

Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. A rage gishiri, a riƙa zuwa awo a asibitin sha-ka-tafi.

Tsohon da haƙoransa suka zube, a ba shi kunu, koko, fate da tuwo mai laushi. A zaunar da shi kafin a ba shi, kada ya ƙware. A yawaita ba shi ruwa, musamman da bazara.

Yanar ido tana warkewa da ƙaramin aiki. Ana yin sa a Asibitin Ido na ECWA da ke Kano. Kada a bari a soka masa allura a ido a gida.

Idan tsohuwa ta fara mantuwa, tana surutai, tana fita ta ɓata, ba maita ba ce. Ciwon ƙwaƙwalwa ne da kan zo da tsufa. Kada a ɗaure ta, kada a bar yara su tsokane ta. A nemi shawarar likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau.

Hukuma ma ta san da maganar. A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1 ga Oktoba ta zama ranar tsofaffi. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a Nijeriya. Amma cibiya ba za ta zo ta juya tsoho da tsakar dare ba. Wannan sai iyali da maƙwabta. Liman da mai unguwa su ma su sa baki idan 'ya'ya suka zame.

Jama'a, duk wanda ya koma gida yau ya duba. Wace ce ke ɗauke da jinyar gidan? Yaushe rabonta da cikakken barci? A karɓe ta ko na dare ɗaya. Yara suna kallo, kuma yadda suka ga an riƙe kakansu, haka za su riƙe iyayensu gobe.

Allah ya ba masu jinya lada, ya sa a gama da iyaye lafiya. Amin.