Kacalla: Yadda Ciyawa Ta Tare Kogi



An ce in yi bayani kan kacalla, ciyawar nan da ta addabi ƙasar Haɗeja da Guri har Nguru, inda da yawa daga cikinmu mazauna Bauchi muka baro dangi.

To, jama'a, ita kacalla ba ta son komai sai ruwa mai zama. A da, kogin Haɗeja kan cika da damina ya malale fadamu, da rani kuma ya janye, ƙasa ta bushe ƙarau. Wannan bushewa ita ke hana ta sakat. Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana rani da damina. Shi ke nan ta samu wurin zama.

Hanyar yaɗuwarta biyu ce. Kanta kamar zangarniyar gero yake, in ya nuna sai ya fashe, iska ta kwashi irin kamar auduga, inda duk ya sauka a laka ya tsiro. Saiwarta kuma tana rarrafe ƙarƙashin taɓo, shi ya sa ko an yanke ko an ƙone, ba a jima ba ta sake tofowa, har ta ɗara mutum tsawo. In ta cika rafi sai taɓo ya taru a gindinta, hanyar ruwa ta toshe. Haka ta yi wa Burum Gana, ruwan ya karkata ta Marma zuwa Nguru. Wani gari ambaliya, wani gari ƙishirwa, ka ji aiki!

Kwalekwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga. Jan baki kuwa a cikinta yake kwana, gari na wayewa ya faɗa wa shinkafa. Mu masu sayen busasshen kifi da shinkafa a kasuwar Muda Lawal, ai a aljihunmu abin ke ƙarewa.

Saura kogin Jama'are, wanda ya ratsa jiharmu. An daɗe ana maganar madatsar Kafin Zaki a kansa. Ni dai shawarata, duk ranar da aka sake tayar da zancen, ƙungiyarmu ta nemi a fara jin ta bakin masunta da manoman Katagum da Haɗeja tukuna.