Ziyarar Tsofaffi Ba Ta Rana Ɗaya Ba Ce

 

Mu 'yan kasuwa ne, iyakar karatunmu Islamiyya, don haka ba lacca muka zo yi ba. Abin da ya tsayar da mu gabanku shi ne roƙon da 'ya'yanmu masu karatun ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a suka kawo wa ƙungiya. Suna neman izini su riƙa zama da tsofaffinmu lokacin hutu, su koyi abin da ke damun zuciyar tsoho. Aka ce mu zauna da su mu kawo wa jama'a bayani. To mun zauna, ga abin da muka samo.

Da fari mun ce musu ai mu nan Tagwai ba mu da gidan gajiyayyu irin na Shahuci a Kano. Sai wata daga cikinsu ta ce, "Baba, tsohon nan da ke kwana a zauren maƙwabcinku, ɗansa ne mai gidan?" Muka yi shiru. Gaskiya ta faɗa. Iyayenmu sun baro Kano, Katsina, Sakkwato da Zariya, wasu a jirgin ƙasa, wasu fatauci ya kawo su, wasu kamun kifi bayan an datse ruwan Tagwai a 1978. Yau ƙarfi ya ƙare, dangi na nesa, 'ya'ya sun tafi Abuja ko Legas neman abinci. Zaurukanmu su ne gidajen gajiyayyunmu, allo ne kawai ba mu kafa ba.

Tuwo kam muna aika musu, ba mu gaza ba. Amma ciwon zuciya ba ya jin tuwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. A ƙasar Yarbawa, binciken Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na 2007 ya gano kusan 7 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama sun yi ciwon damuwa mai tsanani a cikin shekara guda. Tsoho ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya daina fitowa hira, sai mu ce tsufa ne. Tsohuwa ta manta hanyar gida, ta yi ta maimaita magana, sai yara su bi ta da tsokana, wani ma ya ce maita ce. Alhali kuwa gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba mugun hali ba.

Yaran nan sun ba mu labari biyu daga karatunsu, kuma su ne suka sa muka ɗaura musu sharaɗi.

Na farko, a Amurka, a 1976, wasu masana mata biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, suka shiga wani gidan tsofaffi. Kashi ɗaya aka ba kowa shuka a tukunya, aka ce ban ruwanta na wuyansa, kuma shi zai zaɓi yadda zai tsara ɗakinsa. Ɗaya kashin aka ce su huta, ma'aikata za su yi musu kome. Waɗanda aka bar wa ɗawainiya sun fi walwala da kuzari. Kun ga ashe raba tsoho da aiki baki ɗaya ba gata ba ne.

Na biyu ya fi taɓa mu. A shekarar dai, Richard Schulz ya tura ɗaliban jami'a ziyara wani gidan tsofaffi har wata biyu. Tsofaffin da suka san ranar zuwan baƙonsu, ko su ke zaɓen lokacin, sun farfaɗo sosai. Bincike ya ƙare, ɗalibai suka koma makaranta. Da aka waiwaye su daga baya, sai aka tarar waɗannan da suka farfaɗo ɗin su ne lafiyarsu da walwalarsu suka fi zubewa. Mu 'yan kasuwa mun san wannan: ka saba wa mutum da bashi, rana ɗaya ka rufe littafi, ka fi wanda bai taɓa ba shi ba cutar da shi.

Saboda haka ga shawarar da muka kawo:

Ɗaya, ba ɗalibin da zai shiga wurin tsoho sai da yardar tsohon, kuma shi zai faɗi rana da lokaci.

Biyu, kowane ɗalibi zai tafi da mutum ɗaya mazaunin unguwa. In hutu ya ƙare, ɗan unguwa ya ci gaba da zuwa a wannan ranar. Zumunci a ƙafa yake.

Uku, abin da tsoho ya faɗa amana ce. Ba a kai shi majalisa, ba a ɗaukar hotonsa a watsa a waya.

Huɗu, a mayar wa tsofaffi abin yi: tsaron tire, kiwon kaji, tufkar igiya, sasanta ma'aurata, raɗa wa jariri suna. Da tsohuwar zuma ake magani.

Biyar, ɗalibi ba likita ba ne. In ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, ya gaya wa ƙungiya, mu kai Babban Asibitin Minna, in ta kama har asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Kuɗin mota daga asusunmu.

Kada wani ya ce wannan bin Turawa ne. A ƙasar nan, tun 1954, Farfesa Adeoye Lambo ya sauke masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa, suna zaune cikin mutane ana yi musu magani, har duniya ta zo koyo. Abin da ya dogara da shi, wato zama cikin jama'a, muna da shi.

Daga ƙarshe, jama'a, mu da muka haura hamsin, zauren nan mu yake jira. Yadda muka koya wa yaran nan su zauna da tsofaffi yau, haka za su zauna da mu gobe. Takarda na wurin sakatare, duk mai iya ɗaukar tsoho ɗaya, rana ɗaya a mako, ya rubuta sunansa kafin a watse.

Allah ya sa mu gama lafiya.