Ƙaramin Ɗan Kasuwa da Karɓar Kuɗi ta Intanet

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna mana cewa ciniki na iya tafiya ba kuɗi a hannu. Yau mai turare a Kano ko mai huluna a Zariya yana da ɗan shafinsa a intanet, amma da an zo biya sai ya ce, "Tura ta asusuna, ka aiko min hoton rasit." Ta nan macuta ke shigowa da alat na bogi, kaya su tafi, kuɗi ba su shigo ba.

Kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave sun rage wannan asara. Mai saye zai biya da kati, ko tura kuɗi ta banki, ko USSD, kamfanin ya tabbatar kuɗi sun shiga kafin ka ɗaure kaya. Suna cire kasonsu a kowane ciniki, don haka ka sa shi cikin farashi tun farko.

Ɗan'uwa, yi wa sana'arka rajista da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. Rubuta ƙa'idar mayar da kuɗi a fili. Kada ka taɓa neman lambar sirrin katin kowa. Wanda ya saya ya ga gaskiya, gobe shi zai kawo maka wani.