Kano, garin masaƙa da marina, a zamanin kakanninmu

  

Yau hirarmu a kan tufafi take. Ku dubi rigar da ke jikinku. Ina aka saƙa ta? Da yawanku za ku ce a Sin, ko a Indiya. To, da kakan kakanku aka yi wa wannan tambaya, amsa ɗaya zai bayar. Zai ce a Kano. A zamaninsa Kano ita ce babbar masaƙar ƙasashen nan duka. Bari mu shiga garin, mu ga yadda mutanensa suke kwana suke tashi.

A shekarar 1851, cikin watan Fabrairu, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya shiga Kano. Yana kiran kansa Abdulkarim. Ta ƙasarmu ya biyo: ya ga Agadas, ya ratsa Tasawa da Gazawa, ya bi ta Katsina. Sarkin Kano na lokacin shi ne Usman. Barth ya rubuta abin da ya gani. Ya ƙiyasta mutanen birnin sun kai 30,000. Da rani kuwa, in fatake sun sauka, sai yawan ya kusa ninkawa.

Aikin tufa daga ɗakin mace yake farawa. Ita ke gurzar auduga, ta fid da angurya. Ita ke shiɓa. Sa'an nan ta zauna da mazari da alli, tana kaɗi, tana hira da kishiya ko maƙwabciya. Zaren nan dukiyarta ne. In ta sayar, kuɗin nata ne, da shi take tara wa ɗiyarta kayan ɗaki. Tsofaffin matan Majiya sun san wannan aiki sarai, ba sai an gaya musu ba.

Daga hannun mace sai hannun masaƙi. Shi yana zaune a inuwa, ya miƙe zarensa da nisa, ya danne ƙarshensa da dutse. Ƙafa na taka, hannu na jefa ƙoshiya. Abin da yake fitarwa siriri ne, wani bai wuce faɗin yatsa ba. Maɗinki ne zai haɗa su ɗaya bayan ɗaya har su zama zane ko riga. Galibin masaƙan nan manoma ne. Da damina suna gona, da rani su koma saƙa.

Sai karofi. Nan ne Kano ta gagara. An haƙa rijiyoyi masu zurfi, an shafe cikinsu don kada ruwa ya tsiyaye. Marini ya zuba ruwa, ya zuba baba, ya zuba toka da katsi, ya bar su kwanaki su jiƙa, yana motsawa da dogon icce. In baba ya nuna, sai ya tsoma tufa, ya ɗaga ta sha iska, ya sāke tsomawa. Iskar nan ita ke mai da launin shuɗi. Kowace tsomawa tana ƙara duhu. Hannun marini kuwa ba ya ɓoyuwa, ko a masallaci ka gan shi ka san sana'arsa. Karofin Ƙofar Mata yana nan har yau, kuma ana cewa tun zamanin sarki Muhammadu Rumfa yake, wanda ya kafa kasuwar Kurmi.

Bayan rini sai bugu. Mabuga su shimfiɗa tufa bisa gungume, su barbaɗa shuni, su yi ta dukanta da guduma ta icce har ta ɗauki walƙiya. Garin Kura, kudu da Kano, shi ya fi suna wajen wannan. Rawanin nan mai ƙyalli da kuke gani a kan Abzinawa da sarakuna ranar salla, sunansa ɗan Kura, kuma daga sunan garin ya samo shi. Turkuɗin amare ma haka.

Ina ruwan mutumin Adar da wannan labari? Da ruwansa ƙwarai. Kel Geres, Abzinawan da suka sauko daga Abzin suka zauna wajen Arzarori da Galma, masu ayari ne. Sukan tafi Bilma da raƙuma su ɗauko kantun gishiri da dabino. Su gangara da shi kudu, zuwa Sakkwato da Kano. In sun juyo, kayan raƙumansu hatsi ne da baƙin tufa. Ta wannan hanya aikin marinin Kura yake isowa kasuwanninmu. Barth ya ce tufafin Kano suna kai har Tumbuktu, da Gat, da Tarabulus a bakin teku. Ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara ya kai wuri miliyan 300. Don ku gane girman kuɗin, ya ce da wuri 50,000 zuwa 60,000 magidanci zai riƙe iyalinsa shekara guda, ci da sutura.

Ga wani abu da ya kamata ku riƙe, ku da kuke koyon rubutu. Kafin Barth, a shekarar 1824, wani Bature mai suna Clapperton ya zo Kano. Ya ga yadda ake cinikin riga da turkuɗi a Kurmi. Akan naɗe tufa a ƙunshe ta, a rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin. Falke ya saya ya tafi, ko da Barno ya kai. In ya kwance ya tarar an yi masa algus, sai ya mayar da kayan Kano. Sunan nan da ke rubuce shi zai nuna dillalin. Dole dillali ya nemo mai kaya, a biya falke kuɗinsa. Kun ga ɗan rubutu kaɗan ya tsare dukiyar mutumin da ke tafiyar wata guda daga kasuwa. Dillali kuwa ya san sunansa yana yawo a duniya, ba zai yarda a ɓata shi don la'adar yini ɗaya ba.

Amma kada mu yi wa zamanin nan kwalliyar da ba tasa ba. A kasuwar da ake sayar da turkuɗi, a nan ake sayar da mutane. Bayi ne suke noma da yawa daga audugar da baban, a rinjin masu sarauta da attajirai. Wasunsu daga ƙasashen da yaƙi ya ci aka kamo su. Garin kuma yana da kududdufai, inda aka ɗebi ƙasar gini, ga Jakara a tsakiyarsa. Ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Barth kansa zazzaɓi ya kayar da shi a can.

Labari fa, ta ina yake zuwa? Babu rediyo, babu jarida. In sarki yana da magana, sai sanƙira ya zaga yana shela. Sauran labari a bakin fatake yake. Baƙo ya sauka gidan fatoma, a kawo masa ruwa da fura, a tambaye shi hanya. Nawa gishiri a Agadas? Goron Gwanja ya iso? Wace hanya ce ke da 'yan fashi? Kafin la'asar maganar ta game rumfunan Kurmi. Haka Kanawa suka ji manyan labaran zamaninsu, haka mu ma suka iso mu. A 1893 sarki Bello ya rasu, yaƙin basasa ya tashi tsakanin Tukur da Yusufawa, ciniki ya sha wuya. A watan Fabrairu na 1903 sojan Ingila suka ci garin. A 1911 jirgin ƙasa ya iso.

Tun zuwan Barth akwai wani baƙon tufa a Kurmi. Ya ga farin yadi da atamfa na Mancesta, wani gari a Ingila, an ratso hamada da su. Can ba a gida ake saƙa ba. Manyan izin ne masu hayaƙi, inji na aiki da tururi, mutane ɗari-ɗari a ɗaki guda tun asuba har dare. Har yara ƙanana suna ciki. A 1833 an yi doka, an hana sa yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a masaƙar auduga. Barth ya san wannan, shi ya sa ya yaba wa Kano, ya ce a nan mutum yana sana'arsa yana tare da iyalinsa. Sai dai yadin inji ya fi araha. Muddin raƙumi ne ke ɗauko shi, bai yi wa masaƙin Kano illa sosai ba. Da jirgi ya fara kawo shi buhu-buhu, sai lissafi ya sauya. Manomi ya ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi. Audugar ma aka fara gurzarta da inji a Zariya da Funtuwa, a aika da ita Ingila. Mu ma nan an yi irin haka daga baya: kamfanin Faransa na CFDT ya kafa izin ta gurzar auduga a Madawa.

A 1957 aka buɗe babbar masaƙar zamani a Kaduna, Kano ma ta samu nata. Dubban mutane sun ci abinci a cikinsu. Yau mafi yawansu a rufe suke, kuma atamfar da 'yan kasuwar Tamaske da Madawa suke sarowa a Kantin Kwari, galibinta daga Sin take fitowa.

Ga aikin wannan mako. Kowane aji ya nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a garinsa. Ku tambaye su: akwai marina a nan dā? A ina take? Wane gida ne na masaƙa? Wa ya ƙare saƙa a garin? Ku rubuta amsar a littafinku, ko da layi uku ne, ku kai wa malaminku ya karanta a gaban aji. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.