Aikin da ke jira a Dagona

Duk shekara idan sanyi ya kama Turai, dubban tsuntsaye kan sauka a tafkin Dagona da ke ƙasar Bade. Yarima Philip na Ingila ma ya zo ganinsu a 1989. Sai dai ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Nguru da Gashuwa, masunci na tura kwalekwalensa da gora da ƙyar, manomin shinkafa na kuka.

Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana yaye matasa, da yawansu idonsu na kan kujerar ofis a Damaturu ko Abuja. Abin da ciwo. Kamata ya yi malamai su riƙa kai ɗalibi bakin tafkin tun kafin ya kammala, ya zauna da masu gadin wurin, ya ga yadda ake ƙidayar tsuntsaye da yankan kachala.