Jawabin ƙaddamar da ƙungiyar masu jinya a daji da duwatsu

 

Mai girma shugaban taro. Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, limamai da fastoci. Likitoci da ma'aikatan jinya. Masana halayyar ɗan Adam da jami'an walwalar jama'a. Mafarauta da jagororin dutse da suka sauko daga ƙauyukan kewayen Jos don su zauna tare da mu. Iyaye mata da iyaye maza, barkanmu da zuwa, da fatan kowa ya iso lafiya.

An ɗora mini nauyin ƙaddamar da wannan ƙungiya tare da kundin ƙa'idojin da ke gaban kowannenku, na kuma karɓa hannu bibbiyu. Kuna fita da matasa masu fama da shaye-shaye, ko damuwa, ko firgicin abin da idonsu ya gani a rikici, kuna kai su daji da kan duwatsu a matsayin wani ɓangare na jinyarsu. Aiki ne mai albarka, amma ya daɗe ba shi da mai tsawata masa. Yau kun samar masa da shi da hannunku.

Tarihin abin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani malamin makaranta Bajamushe, Kurt Hahn, wanda mulkin Hitila ya sa ya yi hijira zuwa Birtaniya, ya haɗa kai da wani mai jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka buɗe makarantar Outward Bound a garin Aberdovey na yankin Wales, don koya wa samarin matuƙa jure wahalar teku. A 1951 Alec Dickson ya kawo irin wannan horo gaɓar Man O' War, kusa da Biktoriya, garin da yau ake kira Limbe a Kamaru. Daga can cibiyar ta dawo Najeriya, makarantarta ta tsauni kuma ga ta nan a duwatsun Shere, bayan gari. Duk wanda ya yi hidimar ƙasa ya san 'yan Man O' War da igiyoyinsu da sammakonsu.

Sai dai su lafiyayyu suke karɓa, su ƙara musu juriya da jarumta. Ku marasa lafiya ake kawo muku. A kan wannan bambanci aka gina kundin nan tun daga shafinsa na farko.

Ga baƙinmu da ba su taɓa ganin aikin ba, bari in zana muku shi. A ɗauki saurayin da ya shekara biyu ana ce masa ɗan ƙwaya, wanda a gidansu ko kuɗin cefane ba a ba shi riƙo. A gindin dutse an sa masa hular kwano, an duba ƙullin igiyarsa sau biyu, sannan aka damƙa masa igiyar abokinsa da ke hawa. Jagora yana tsaye a bayansa, riƙe da jelar igiyar, bai ce komai ba. Can sama ƙafar abokin ta zame, igiya ta miƙe, saurayin nan ya ji nauyin mutum guda a tafin hannunsa, ya dafe, ya riƙe. Da dare, bayan isha, an kewaye wuta, sai mai ba da shawara ta tambaye shi: yaushe rabon da wani ya dogara da kai? Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya fara maganar mahaifinsa. Daga nan jinya ta soma. Dutsen ya buɗe masa baki, amma sai wanda ya karanci ƙwaƙwalwa ne ya san abin da zai yi da maganar da ta fito, ya san inda zai ƙara tambaya da inda zai bar yaro ya huta. In babu wannan gwani a zango, yawon buɗe ido aka je. In kuma dole aka yi wa yaron ya hau, to horo aka yi masa, ko da wane suna aka rubuta a allon ƙofa.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Amurka wannan sana'a ta bunƙasa tun kafin a yi mata linzami. A 1994, a wani sansani da ke hamadar jihar Utah, wani yaro ɗan shekara 16 ya yi kwanaki yana kukan ciwon ciki, yana ramewa, yana faɗuwa a hanya. Ma'aikatan sansanin suka ce ƙarya yake yi don gudun tafiya. Ashe gyambon ciki ne ya huda masa hanji, ya rasu kafin wata guda ya cika da rabuwarsa da iyayensa. A watan Oktoban 2007 ofishin binciken gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya gabatar da rahoto kan dubban ƙorafe-ƙorafen cin zarafi a irin waɗannan wurare, ya kuma bi diddigin mutuwar yara goma tsakanin 1990 da 2004. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne ma'aikata marasa horo, da ƙarancin abinci, da ɗaukar ciwon gaske a matsayin wayo. Masu sana'ar na kirki sun kafa majalisarsu a 1996, daga baya suka shigo da tsarin tantancewa daga waje. Duk da haka, a watan Fabrairun 2024 wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu a darensa na farko a wani sansani na jihar North Carolina, hukuma ta ƙwace lasisin wurin.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa. Makonni kaɗan bayan nan aka sake ganin irin haka a Daura da Katsina. Da yawa iyayensu ne suka kai su, suna kuma biyan kuɗi. Ba zan zargi iyayen nan ba. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekarar da ta gabaci binciken. Gadajen asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau ba za su ɗauki ko kaɗan daga cikin masu buƙata ba. Uwar da ɗanta ya sayar mata da keken ɗinki don ya sayi tiramol, duk wanda ya ce mata zai gyara shi za ta bi.

Irin waɗannan iyaye ne za su ƙwanƙwasa muku ƙofa. Uba zai zo ya ce, “Malam, ga shi nan, a kai shi daji a ba shi wuya, ko ya dawo hayyacinsa.” Zai ajiye kuɗi a kan tebur, hawaye na zuba masa. A wannan lokaci ne za a gane ko ku masu jinya ne. Kundinku ya ce ba a ɗauko yaro da dare, ba a yaudare shi da cewa biki za a je, ba a ɗora shi kan dutse sai ya ce ya yarda, kuma yana da ikon cewa ya isa a tsakiyar hawa ba tare da an kunyata shi gaban 'yan uwansa ba. Na san wasu cikinmu sun yi gardama a kan wannan, suna cewa ɗan ƙwaya ba ya yarda da magani da kansa. Akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ciwonsa ya kai a riƙe shi ba da sonsa ba, wurinsa asibiti, ƙarƙashin likita da idon doka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa, kuma wannan haƙƙi yana bin sa har cikin tanti.

Babin da na fi so kowa ya haddace gajere ne: duk yaron da ya ce ba shi da lafiya, a gaskata shi har sai ma'aikacin lafiya ya duba. Gara a sauko da maƙaryata goma daga kan dutse da a binne mai gaskiya ɗaya. Ruwa da abinci da bargo da barci ba a hukunci da su. Kafin a fita kuma likita ya tantance kowa, domin mai sikila gajiya da ƙishirwa da sanyin Filato suna tayar masa da ciwo, tiramol yana kawo farfaɗiya, wasu magungunan ƙwaƙwalwa kuma suna rage wa jiki jure zafi, abin da 'yan uwanmu na Sakkwato da Maiduguri za su kiyaye a watan Afrilu. Jagora ya san tun daga gida awa nawa ne tsakanin zango da asibitin da ke da allurar dafin kububuwa, ko Zamko ne ko Kaltungo. 'Yan mata sai da jagorori mata. Dajin da jami'an tsaro da mai gari ba su lamunce ba, ba a shigarsa, ko da an riga an karɓi kuɗin mutane.

Ku riƙa tunawa da Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fitar da majinyata daga bangon asibitin Aro a Abeokuta, ya zaunar da su a ƙauyukan kewaye tare da danginsu. Kwana goma a daji ba za su yi tasiri ba idan yaro ya koma majalisar da ya baro da gidan da ba a yi wa magana ba. Ku kuma rubuta komai, wanda ya samu sauƙi da wanda ya koma ruwa da wanda ya ji rauni. Yawancin binciken wannan fanni a ƙasashen Turawa aka yi shi. Tun 1997, da aka yi taron duniya na farko a birnin Perth na Ostareliya, masu sana'ar ke haɗuwa suna baje sakamakonsu. Ina fatan ranar da ɗayanku zai tsaya a can da alƙaluman yaranmu, na gaskiya, ba a goge na faɗuwa ba.

Shugabannin da aka rantsar yau, ku ne maganata ta fi shafa. Rubuta ƙa'ida abu ne mai sauƙi. Wata rana za a kawo muku ƙarar wani mamba, wataƙila abokinku ne tun makaranta, wataƙila shi ya fi kowa ba ƙungiya gudummawa, a ce ya hana yaro ruwa ko ya ɗaga masa hannu. Za a turo muku manya su ce a rufa asiri, kada sunan sana'a ya ɓaci. Ku saurari yaron da iyayensa a ɗakin da mamban ba ya ciki. In laifi ya tabbata, ku soke sunansa daga rajista, ku sanar da jama'a, in kuma abin na 'yan sanda ne ku miƙa musu da kanku. Shi ya sa na ji daɗin ganin kun ware kujeru a kwamitin ladabtarwa ga lauya, da uwa, da wanda ya taɓa zama majinyaci.

Ga wakilan ma'aikatar lafiya, roƙonmu ku karɓi rajistar nan, ku riƙa kai ziyarar ba-zata sansanoninmu. Iyayenmu sarakuna, duwatsu da dazuzzukan nan a ƙasarku suke. Duk wanda ya zo da motar yara ya ce jinya zai yi, a tambaye shi takardar ƙungiya kafin a nuna masa hanya.

Da izinin shugaban taro, da sunan Allah, na ƙaddamar da wannan ƙungiya da kundin ƙa'idojinta. Allah ya yi wa shugabanninta jagora, ya ba 'ya'yanmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.