Baba ta Karo da Tsofaffin Matan Gidajenmu
Laccar da aka gabatar ga jama'ar Kasalgu, Tamale

 

A ƙarshen 1949, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata dattijuwa mai suna Baba, mai shekara saba'in da 'yan kai, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, tana ba ta labarin duniya. Mijin Baturiyar, M. G. Smith, yana can yana bin sarakuna da hakimai da tambayoyi, amma ba shi da hanyar wuce zaure. Matarsa ce ta shiga cikin gida. Daga wannan hira aka sami littafin Baba of Karo, wanda ya fito a Landan a 1954, shekara uku bayan rasuwar mai labarin.

An haifi Baba wajen 1877 a Karo, kusa da Zarewa, cikin ƙasar Kano. Danginta Barebari ne, manoma kuma malamai. Ba 'yar sarauta ba ce, ba ta yi boko ba, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba duk da aure huɗu da ta yi. Wani zai ce to me za a rubuta a kanta?

Abin rubutawa kuwa ya yi yawa. Ta tashi a zamanin gandu, inda uba da 'ya'yansa ke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya. Ta ga rinji da bayinsa, ta ga mahara suna kama mutane, har an kwashe wasu daga danginta sai da aka biya fansa. A zamaninta ne Turawa suka ci Kano a 1903. Littattafan tarihi suna lissafa sarakunan da aka tuɓe da waɗanda aka naɗa. Ita kuwa ta faɗi abin da ya faru a tsakar gida: bayi suka fara watsewa, aikin gona ya dawo kan masu gida, hanya ta yi lafiya har mace na iya zuwa ganin gida ba fargaba.

Sai kuma ilimin da maza ba su cika sani ba. Yadda ake ƙulla ƙawance, kunyar ɗan fari, wankan jego, zaman kishiyoyi, da yadda mace ke tara kuɗinta da kaɗi da ƙananan sana'o'i. Matar da ba ta haifa ba, ita ce ta zama ungozoma, ta riƙi 'ya'yan dangi har ta aurar.

Mu dawo gida Gana. Alhaji Umaru, Bakano da ya zauna a Salaga kafin yaƙin da aka yi a can a 1892, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce da har yau ake nazari. Matan da suka dafa wa fataken goro tuwo a zangon Salaga fa? Babu wanda ya tambaye su komai, kuma wannan rashi ne babba.

A Kasalgu da Zongon Tamale akwai tsofaffi, Dagombawa da Hausawa, da suka ga samun 'yancin Gana a 1957, suka ci wuyar fari da yunwar 1983. Suna tashi da asuba su tsinto kaɗanya, su soya, su niƙa, su buga ta da hannu har mai ya taso. Da kuɗin man kaɗe da daddawa aka biya wa da yawa daga cikin masu sauraron nan kuɗin makaranta.

Baba ta yi sa'ar samun baƙuwa daga Ingila mai jin Hausa da alƙalami. Ku ba sai kun jira baƙo ba, wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Ɗaliban jami'ar UDS da sauran matasa, ku nemi izinin kakanninku, ku zauna da su bayan sallar isha, ku tambaye su sunan garin da aka haife su da abin da suka ci a shekarar yunwa.